Yadda Ɗalibi Zai Tantance Ɗakin Binciken Ciwon Daji Kafin Ya Nemi Shiga

Ɗalibin da ya kammala digirin farko a Jami'ar Jos, a fannin sinadaran jiki ko ƙananan ƙwayoyin cuta ko haɗa magunguna, ya kuma ƙuduri niyyar ci gaba da karatu a kan ciwon daji, abin da zai fara cin karo da shi shi ne jerin sunaye. Kowane ɗakin bincike na jami'a, a gida ko a waje, yakan gabatar da kansa da mutanen da ke aiki a cikinsa da kuma batutuwan da suke bincike a kai. Da yawa daga cikin ɗalibanmu sukan tsaya a kan sunan farfesa da tarin muƙamansa, su rubuta takardar neman shiga nan take. A ganina wannan gaggawa tana da tsada, domin shekara biyu ta digiri na biyu, ko uku zuwa biyar ta digiri na uku, ta fi ƙarfin a damƙa ta ga suna kawai. Jerin nan yana ɗauke da bayani mai yawa ga wanda ya iya karanta shi a tsanake.

Ka fara da mutanen. Shugaban ɗakin shi ne mai tsara tambayar da ake bi, shi ne kuma mai neman kuɗin bincike, amma a jami'o'inmu lokacinsa a rabe yake tsakanin aji da taron kwamitoci, ga kuma asibiti in likita ne. Don haka ka sauke idonka zuwa sunayen da ke ƙasa da nasa, domin su za ka wuni da su. A Amurka da Ingila za ka tarar da waɗanda suka gama digiri na uku suna ci gaba da bincike a ƙarƙashin shugaban, su ne ke koya wa sabon shiga aiki hannu da hannu. A wajenmu galibi ƙananan malamai ne da likitoci masu neman ƙwarewa suke cike wannan gurbi. Idan ka ga farfesa ɗaya da ɗalibai ashirin, babu kowa a tsakani, ka san cewa mai koya maka riƙe kayan aiki zai yi wuyar samu.

Akwai mutum biyu da nake so ka nema musamman. Na farko shi ne ma'aikacin gwaje-gwaje, wanda makullin ɗakin yake hannunsa, ya san na'urar da ke aiki da wadda ta lalace, ya san inda ake sayo sinadarai da tsawon lokacin da suke ɗauka kafin su iso Jos daga Legas ko daga waje. Ɗakin da ya daɗe da ma'aikaci ɗaya ƙwararre yakan fi tsayuwa da ƙafafunsa. Na biyu shi ne likitan da ke duba tsokar da aka yanko daga majinyaci a ƙarƙashin madubin likita, ya tabbatar ko sankara ce da kuma irinta. Duk binciken da aka yi a kan tsokar da irin wannan likita bai tantance ba gini ne a kan rairayi. Idan babu sunansa a cikin 'yan ɗakin, ka duba ko yana cikin abokan haɗin gwiwarsu a asibitin koyarwa na Jami'ar Jos da ke Lamingo, ko na Gwagwalada, ko Asibitin Ƙasa da ke Abuja. Haka kuma ka bincika tsofaffin ɗaliban ɗakin: shekara nawa suka yi kafin su gama, kuma ina suke yanzu. Ka nemi ɗaya ko biyu daga cikinsu ka ji ta bakinsu, domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Daga nan sai batutuwan bincike. A nan ne ake yawan ruɗuwa, domin kalmomin sukan zo da girma. Aikinka shi ne ka mayar da kowane batu tambaya ɗaya da za ka iya faɗa wa mahaifiyarka da Hausa ta fahimta. Ciwon daji yana farawa ne idan ƙwayoyin jiki suka riƙa rabuwa ba tare da tsayawa ba, sakamakon lalacewar ƙwayoyin gado da ke ba su umarni, saboda haka kusan kowane ɗaki yana tambayar ɗaya daga cikin waɗannan: me ya lalata umarnin, ta yaya za a gane da wuri, ko da me za a tsayar da shi. Idan ka karanta batun sau uku ba ka gano wacce suke bi ba, ka ajiye wannan a matsayin abin da za ka tambaya idan kun haɗu.

Ya kamata ka san batutuwan da suka fi kusa da mutanenmu, domin a cikinsu ne ɗakin bincike na Jos ko Abuja yake da abin da manyan ɗakunan Turai ba su da shi, wato majinyata da muhallin da cutar ke tasowa a ciki. Ɗauki ciwon dajin hanta. Manyan musabbabansa a yankinmu su ne ƙwayar cutar hanta nau'in B da kuma gubar afalatoksin, wadda wani funfuna ke samarwa a gyaɗa da masarar da aka adana da danshi, kuma idan biyun suka haɗu a jiki ɗaya haɗarin yakan ninka sosai. Gubar tana barin tabo sananne a ƙwayar gado mai suna TP53, a gurbi na 249, wanda aka fara bayyanawa a 1991. Ɗakin da ke neman wannan tabo a jinin majinyatan Filato yana yin tambaya ce da ta taso daga rumbunanmu. Haka sankarar bakin mahaifa: ƙwayar cutar HPV ce ke haddasa ta, nau'i na 16 da na 18 su ne ke da alhakin kusan kashi 70 cikin 100, kuma Najeriya ta fara yi wa 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 rigakafinta a watan Oktoban 2023. Sanin nau'o'in da ke yawo a tsakanin matanmu, musamman masu ɗauke da HIV, aiki ne da zai amfani rigakafin kansa, kuma masu bincike a Jos sun yi haɗin gwiwa da Jami'ar Northwestern ta Amurka a kan ciwon dajin da ke da alaƙa da HIV. A fannin sankarar mama, Farfesa Olufunmilayo Olopade ta Jami'ar Chicago ta shafe shekaru tana aiki da abokanta na Ibadan, kuma binciken irin nasu ya nuna cewa nau'in da ba ya jin maganin da ke toshe sinadaran mace ya fi yawa a matan Afirka ta Yamma fiye da Turawa. Afirka ba baƙuwa ba ce a wannan fage: a Yuganda ne Denis Burkitt ya bayyana sankarar muƙamuƙin yara a 1958, daga tsokar wannan cuta aka gano ƙwayar Epstein-Barr a 1964, kuma likita Victor Ngu ya sami lambar yabo ta Lasker a 1972 saboda aikin maganin wannan sankara da ya yi a Ibadan.

Batun da za ka fi yawan gani a jami'o'inmu shi ne gwajin tsirrai. Ba na raina shi, domin maganin binkiristin da ake ba yara masu sankarar jini daga wani furen Madagaska aka samo shi, kuma akwai cibiyar binciken magunguna ta ƙasa a Idu, Abuja, da ke aiki a kan tsirran gida. Sai dai ka yi hattara. Ruwan ganye ya kashe ƙwayoyin sankara a cikin faranti ba hujja ba ce mai ƙarfi, domin gishiri ma idan ya yi yawa zai kashe su. Ka duba ko sun gwada shi a kan lafiyayyun ƙwayoyi don kwatantawa, ko sun sa sanannen magani a gefe a matsayin ma'auni, ko sun ware sinadarin da ke aikin, ko kuwa kowace shekara sabon ganye ake ɗaukowa a maimaita gwaji ɗaya.

Abin da zai gaya maka gaskiyar batutuwan nan shi ne maƙalun da ɗakin ya wallafa. Ka shiga PubMed ko Google Scholar, shafukan intanet da ake neman maƙalun bincike, ka sa sunan shugaban, ka taƙaita ga shekara biyar da suka wuce. A wannan fanni al'ada ce sunan farko ya zama na wanda ya yi yawancin aikin, na ƙarshe kuma na shugaban da ya jagoranta. Idan ɗaliban ɗakin suna fitowa a farko, wuri ne da ake barin ƙarami ya girma. Idan sunan shugaban kullum a tsakiyar mutum talatin yake, mai yiwuwa gudummawarsu tattara samfuri ce kawai. Sai ka karanta sashen da ke bayanin yadda aka yi aikin, wanda ɗalibai suka fi tsallakewa, domin a nan za ka ga ko a Jos aka yi gwajin ko an tura samfurin waje. Turawa waje ba laifi ba ne, amma kana da haƙƙin sanin abin da hannunka zai taɓa. Ka kuma lura da mujallun da ke karɓar kuɗi su buga komai cikin mako ɗaya ba tare da masana sun duba ba.

Bayan karatu sai ziyara, kuma kada ka yarda ka tsallake ta ko da za ta ci maka tafiyar Jos zuwa Abuja. Ƙwayoyin sankara da ake raino a ɗakin bincike, irin su HeLa da aka samo daga jikin wata majinyaciya mai suna Henrietta Lacks a 1951, ko MCF-7 na mama, ko HepG2 na hanta, suna rayuwa ne a cikin na'ura mai zafin digiri 37 da iskar kabon dayoksaid kashi 5 cikin 100. Tsoka da jini ana ajiye su a firiza mai sanyin digiri 80 ƙasa da sifili, ƙwayoyin ajiya kuma a ruwan naitirojin mai digiri 196 ƙasa da sifili. Sanyin Jos ba zai ceci ko ɗaya daga cikinsu ba idan wuta ta ɗauke kwana biyu. Saboda haka ka tambaya cikin ladabi: me ke riƙe firiza idan babu wuta, janareta ne ko sola, wa ke sayen man, wa ke zuwa dubawa ranar Lahadi ko lokacin yajin aiki. Ka nemi ganin littafin da ake rubuta sanyin firiza kullum. Ka tambayi daga ina suka samo ƙwayoyinsu, kuma yaushe aka gwada su don tabbatar da ba su gurɓata ba. Ɗakin da ya san aikinsa yakan ji daɗin irin waɗannan tambayoyi.

Ka tambayi maganar kuɗi ƙarara, tun da ita ce ke tsayar da yawancin ayyuka a tsakiya. Wasu ɗakunan suna da tallafin TETFund, asusun gwamnati na tallafa wa manyan makarantu, wasu na hukumomin waje, akwai kuma cibiyar binciken ciwon daji ta ƙasa, NICRAT, a Abuja, wadda dokar kafa ta ta fito a 2017. Abin da kake son sani shi ne ko tallafin zai kai ƙarshen karatunka, da kuma ko kai za ka sayi sinadarai daga aljihunka. Idan aikin ya shafi mutane, ka tabbatar akwai amincewar kwamitin ɗa'ar bincike na asibitin, kuma ana yi wa majinyaci bayani da harshen da yake ji kafin ya yarda. A nan Hausarka babbar kadara ce, domin da yawa daga cikin masu zuwa asibitin Lamingo daga Filato da Bauchi da kudancin Kaduna da ita suka fi sakewa, kuma matar da aka gaya wa tana da sankarar mama ta cancanci ta fahimci dalilin da ya sa ake neman jininta, ta kuma san cewa ƙin yarda ba zai taɓa maganinta ba.

Sai ka rubuta takardar. Ta zama gajera, da gaisuwar girmamawa da cikakken muƙamin wanda kake rubuta wa. Ka faɗi ko kai wane ne da abin da ka karanta, ka ambaci maƙala ɗaya tasu da abin da ka fahimta a cikinta da tambayar da ta bar maka, ka faɗi aikin da hannunka ya taɓa yi ba tare da ƙari ba, ko da ciro sinadarin gado ne sau biyu a ajin ƙarshe. Kada ka aika takarda ɗaya ga farfesoshi goma, domin suna gane ta daga layin farko. Idan mako biyu ya wuce babu amsa, ka sake tuntuɓa sau ɗaya, ko ka bi ta hannun malamin da ya duba aikinka na digirin farko. Idan an karɓe ka, kafin ka biya kuɗin rajista ka zauna da shugaban ku daidaita a rubuce kan tambayar da za ka bi, da wanda zai koya maka aiki a watannin farko, da sau nawa za ku riƙa haɗuwa, da kuma gurbin sunanka a maƙalar da za ta fito daga aikin.