Yadda ake rage giɓin cutar daji a unguwar 'yan Latino

Shekara bakwai ke nan ina aikin rakiyar marasa lafiya a wani ƙaramin asibitin unguwa a Bronx, cikin birnin New York. Nakan bi mutum tun daga ranar da aka ce ya yi gwaji har ranar da aka san abin da ke jikinsa. Fiye da rabin mutanen Bronx 'yan Latino ne, wato masu asali daga ƙasashen Latin Amurka, yawancinsu daga Jamhuriyar Dominika da Furto Riko, sai 'yan Meziko da na Amurka ta Tsakiya. Ƙannena mata da ke aikin kula da tsofaffi a gidaje suna yawan tambayata yadda ake wannan aiki, to ga shi na rubuta muku.

Ki fara da sanin inda giɓin yake, wato inda cutar daji ta fi yi wa 'yan Latino illa fiye da sauran jama'a, domin ba inda kike zato yake ba. Kansar mama da ta huhu da ta babban hanji ba su fi kama 'yan Latino ba, sun ma fi yawa a cikin fararen fata. Inda suka fi shan wahala shi ne cututtukan da ƙwayar cuta ke jawowa: kansar hanta da ta tumbi, waɗanda ke kama su kusan ninki biyu, sai kansar bakin mahaifa. Kuma in kansar mama ta kama macensu, sau da yawa sai ta yi nisa kafin a gano. Dalilai a fili suke: rashin inshorar lafiya, harshe, aikin da in ba ki fita ba ba a biyan ki, da tsoron maganar takardun zama.

Kada ki zauna a ofis kina jiran su. Ki je coci bayan an tashi daga ibada ranar Lahadi, ki je shagon gyaran gashi, ki je wurin wankin kaya. Kuma kada ki je ke kaɗai. Su suna da matan unguwa da suke kira promotoras, waɗanda aka koya wa harkar lafiya, kowa ya san su, kamar dai yadda ake jin maganar unguwarzoma a gida. Kalma ɗaya daga bakin irin wannan mata ta fi takardar talla ɗari da muke mannawa a bango.

Maganar tafinta kuwa, a nan na taɓa yin kuskuren da har yau yake damuna. Wata mata daga Guwatamala ta zo, na haɗa ta da tafintan Sifaniyanci ta waya. Duk abin da aka faɗa sai ta gyaɗa kai. Ashe harshenta K'iche' ne, Sifaniyancinta na ciniki a kasuwa ne kawai, kunya ta hana ta cewa ba ta gane ba. Wata biyu suka wuce ba ta dawo ba, tana tsammanin an ce mata lafiyarta ƙalau. Tun daga nan nake tambaya, "Da wane harshe kike magana da mahaifiyarki?" In an gama bayani kuma sai in roƙi mutum ya maimaita mini da bakinsa. Dokar kare haƙƙin jama'a ta 1964 ta sa duk asibitin da ke karɓar kuɗin gwamnatin tarayya ya taimaki wanda ba ya jin Turanci, don haka ki nemi tafinta ba tare da jin nauyi ba. Yaro ɗan shekara goma sha biyu bai kamata ya zama shi zai gaya wa uwarsa an ga ƙulli a mamanta ba.

Ki yi maganar kuɗi da wuri, tun kafin a tambaye ki, don yawancinsu ba za su tambaya ba, sai dai su ɓace. Asibitocin unguwa da gwamnatin tarayya ke tallafa wa suna karɓar kuɗi ne gwargwadon abin da mutum ke samu. Hukumar CDC mai yaƙi da cututtuka a Amurka tana da shiri, wanda dokar 1990 ta kafa, na hoton mama da gwajin bakin mahaifa kyauta ko da rahusa ga mata masu ƙaramin ƙarfi. Mu nan kuma muna da NYC Care, shirin kiwon lafiya na birnin nan, wanda aka fara a Bronx a 2019, ga wanda bai cancanci inshora ba, ko yana da takardun zama ko babu.

Jadawalin gwaji ki haddace shi. Gwajin bakin mahaifa daga shekara 21, hoton mama duk shekara biyu daga 40, gwajin hanji daga 45. Allurar riga-kafin HPV, ƙwayar cutar da ke jawo kansar bakin mahaifa, ga yara maza da mata a shekara 11 ko 12, ana ma iya farawa daga 9. Kowane baligi ya yi gwajin ciwon hanta nau'in B da C ko da sau ɗaya ne a rayuwarsa.

Amma duk wannan share fage ne. Aikin gaske yana farawa ranar da sakamako ya fito da alamar tambaya. Wani likita, Harold Freeman, shi ya ƙirƙiro wannan aiki namu a asibitin Harlem a 1990, da ya ga matalautan mata suna zuwa masa da kansar mama bayan ta ci jiki. Ki ɗauki misalin gwajin bayan gida na kansar hanji da ake ba mutum ya yi a ɗakinsa ya aiko. Mai sauƙi ne, mazan da ke gudun asibiti ma suna yarda. To in an ga jini fa? Sai an leƙa hanjin da kyamara. Wannan yana nufin shan maganin wanke ciki tun jajibere, rasa aikin kwana guda, da samun wanda zai raka mutum gida saboda maganin barci. Mai aikin gini da ake biya kullum, ina zai samo waɗannan ukun? A nan ake rasa mutane, ba a wajen gwajin farko ba.

Ga yadda nake yi. Ina da littafi, duk wanda sakamakonsa bai fita fes ba sunansa na ciki, ba na soke shi sai likita ya faɗi magana ta ƙarshe. Nakan karɓi lambar waya biyu, tasa da ta 'yarsa ko ƙanwarsa, domin a gidajensu ba mutum ɗaya ke yanke shawarar rashin lafiya ba. Ba na kira da rana, sai bayan ƙarfe shida. Wasiƙar asibiti ba a buɗe ta, amma saƙon murya na WhatsApp ana saurara, sai dai ba na faɗin sakamako a ciki, cewa nake a kira ni. Ina nema wa mutum ranar Asabar in akwai, in gaya masa jirgin ƙasa ko bas ɗin da zai hau, in tuna masa cewa dokar birnin nan ta ba ma'aikaci hutun rashin lafiya har don zuwa gwaji.

Za ki ji suna cewa "si Dios quiere", wato in Allah ya yarda. Na ji ma'aikata da dama suna ɗaukar wannan a matsayin sallamawa ga ƙaddara, har su rubuta cewa mutum ba ya son magani. Ni da na tashi da wannan kalma a bakina na san ba haka ba ne. Nakan ce, "Haka ne, in Allah ya yarda. Talata ƙarfe tara, wa zai riƙe miki yaran?" Galibi a amsar wannan tambaya matsalar take. Makon jiya wata ta ce babu kowa, sai muka mayar da ranar zuwa Alhamis, lokacin da surukarta ke hutu, na gyara a littafi.