Waken soya da tsawon rana: inda ake yawan yin kuskure

Manomi zai ga waken soyarsa ya fara fure tun bai kai gwiwa ba, sai ya ɗora laifin a kan taki ko ƙasa. Sau da yawa ba daga nan matsalar take ba. Irin ne bai dace da tsawon ranar wurin ba, kuma ƙarin taki ba zai gyara hakan ba.

Tun a 1920 masana tsirrai Garner da Allard suka nuna a Amurka cewa waken soya ba ya fure sai rana ta gajarta. Kuskuren da ake yi shi ne zaton haske yake aunawa, alhali tsawon duhun dare yake lura da shi. Shi ya sa layukan da ke ƙarƙashin fitilar titi suke zama kore shar bayan sauran gonar ta bushe. A nisanta shuka da irin wannan hasken.

A cikin ganye akwai ƙwayar halittar gado mai suna E1, wadda take aiki kamar birki. Idan rana ta yi tsawo, ƙwayoyin E3 da E4 masu jin haske sukan ƙarfafa ta, ita kuma ta danne FT2a da FT5a, waɗanda su ne ke aika saƙon fure zuwa kan tsiro. Dare na yin tsawo sai ta saki. To, irin da aka samar don ƙasashe masu doguwar ranar bazara, idan aka kai shi kusa da tsakiyar duniya, da wuri yake fure, ya tsaya gajere, amfani ya yi kaɗan. A ganina wannan ne kuskuren da ya fi cin manoma: sayen iri saboda ya yi suna a wata nahiya. A tambayi rukunin nunarsa tukuna, wato lambar da ke nuna tsawon ranar da irin ya dace da shi, daga 000 (na ƙasashe masu doguwar rana) zuwa X (na kusa da tsakiyar duniya), kuma a nemi mai jinkirin fure. Sauyi a ƙwayar J ne ke ba da wannan jinkirin, shi ne kuma ya taimaka wa Brazil ta faɗaɗa noman soya zuwa yankunanta masu zafi.

Wasu kuma suna ɗauka fure na fitowa tsayi ya ƙare. Wannan ya danganta da ƙwayar halittar gado mai suna Dt1: wani iri yana ci gaba da tsawo yana fure, wani yana tsayawa. Mai tsayawar yana son a matse tazarar layuka kuma kada a makara da shuka shi.