Shanyewar ɓarin jiki: ɓarnar da ake yi a gida kafin a kai asibiti

Na gaji da jin "ai mun ɗauka iska ce ta buge shi". Mutum na zaune lafiya, bakinsa ya karkace, hannu ɗaya ya saki, magana ta sarƙe, sai a shimfiɗa masa tabarma a ce bari a ga abin da gobe za ta yi.

Ciwon nan iri biyu ne. Ko dai gudan jini ya toshe jijiyar da ke kai jini ƙwaƙwalwa, wanda shi ya fi yawa, ko kuma jijiyar ta fashe jini ya malala a ciki. Ido ba ya rarrabe su, sai hoton ƙwaƙwalwa da ake ɗauka a asibiti, wanda ake kira CT. Allurar da ke narkar da gudan jini kuwa cikin awa 4 da rabi da fara ciwon ake yin ta, shi ya sa nake cewa a duba agogo a riƙe lokacin, don shi likita zai fara tambaya. Addu'a a yi ta a cikin mota.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne ɗura. Kawuna ya tsallake bugun farko, amma da yake an ga ya kwana bai ci komai ba, mata suka tallafe kansa, aka riƙa zuba masa kunu da rubutu da cokali. Maƙogwaronsa ya riga ya kasa haɗiya, abin yana gangarawa huhu ba wanda ya sani. Ciwon huhun ne ya ɗauke shi, Allah ya jiƙansa. Don Allah wane irin tausayi ne wannan? Wanda bakinsa ya karkace ba a ba shi ko ruwa sai ma'aikacin lafiya ya gwada haɗiyarsa. A kwantar da shi ta gefe, a sassauta masa riga, a nemi mota.

Kada a ba shi asfirin a gida. Idan jijiya ce ta fashe, ƙara zubar jinin zai yi. Tsira yatsu da allura da ake yaɗawa a WhatsApp shirme ne.

Wanda hannunsa ya mutu ko ganinsa ya dushe na 'yan mintuna sannan ya dawo daidai, gargaɗi ya samu, ranar zai ga likita.

Sai masu hawan jini da ke ajiye magani da zarar kai ya daina ciwo. Hawan jini ne kan gaba wajen jawo wannan ciwo, kuma sau da yawa ba ya nuna alama. Ni na'urar awo na ajiye kusa da sallaya, in ta nuna 140/90 ko sama a kai a kai, asibiti zan nufa. Masu ciwon sukari da mashaya taba su ma suna layi, haka yara masu sikila, waɗanda iyaye ba sa ma kawo abin a ransu.