Yadda ake haɗa situdiyon kiɗa a gida da samfula, ba tare da kwamfuta ba

Yawancin samarin da na ga sun fara haɗa situdiyo a Kaduna, daga Tudun Wada har Barnawa, da sayen na'ura suke farawa. A tara kuɗi wata da watanni, a zuba su duka a kan akwati ɗaya, a kawo shi ɗaki a jona a soket ɗin da firji ke ciki. Kafin damina ta wuce sai ka ji ana cigiyar mai gyara. Ni nawa tsarin shi ne wuta farko, sai wayoyi, na'ura ta biyo baya. Amma tunda na san ba za ka saurare ni ba sai an taɓa maganar na'urar, bari mu gama da ita.

Abin da ake nufi da samfula mai zaman kanta shi ne akwatin da zai ɗauki sauti, ya yanka shi, ya raba a kan maɓallan roba, kuma sikwensar da ke cikinsa ta riƙe tsarin bugun da ka yi, ba sai an jona kwamfuta ba. Kamfanin Akai ne ya yaɗa wannan tsari da MPC60 a 1988, wadda Roger Linn ya zana, kuma maɓallai 16 ɗin nan da kake gani a kan na yanzu gadonta ne. Ga huɗu da masu saya suka saba kai-kawo a tsakaninsu: MPC One da MPC Live II, duka na 2020, da Roland SP-404MKII ta 2021, da Elektron Digitakt ta 2017. In har na'urar ce za ta zama uwar ɗakin, ta riƙa juya fiyano da sauran kaya, MPC za ka saya. SP-404MKII tana da daɗin wasa da sauti, tana ma aiki da batir AA guda 6, amma gina waƙa daga farko zuwa ƙarshe a kanta sai mai haƙuri. Digitakt ta farko sautin gefe ɗaya take ɗauka, ga ma'ajiyar aikinta megabait 64 kacal. Tsakanin One da Live II kuwa, a garin nan ba na ma tsayawa gardama: Live II tana da batir a ciki, One ba ta da shi. Wanda aka taɓa ɗauke wa wuta yana tsakiyar haɗa kiɗa bai adana ba, ya san kuɗin wannan bambancin.

In ta hannu za ka saya, ko an aiko maka daga kasuwar Alaba ta Legas ko wani ya zo da ita daga waje, ka buga kowane maɓalli a hankali da kuma da ƙarfi, ka murɗa kowane makunni, ka sa hedifon ka saurari gefen hagu da na dama. Mai sayarwa da ya ce ba wuta a shago ba za a iya gwadawa ba, ka riƙe kuɗinka.

Yanzu maganar wuta. Abu na farko, juya adaftar kowace na'ura ka karanta ƙananan rubutun da ke bayanta. Wutarmu bolt 230 ce, ta Amurka 120. In an rubuta 100 zuwa 240, ba matsala. In 120 kaɗai ka gani, wanda ya fi yawa a sifikokin situdiyo da tsofaffin kayan da aka shigo da su daga can, sai da taransifoma mai sauke wuta. Jona ta kai tsaye ba ya ɗaukar minti ɗaya, ƙauri kawai za ka ji. Akwai kuma wani tarko da ke cin sababbin shiga: adafta biyu na bolt 9, baki iri ɗaya, amma ɗaya tsakiyarta fozitif ɗaya negatif. Ƙananan na'urorin kiɗa na Korg da ake kira Volca fozitif suke so a tsakiya, fedal ɗin jita na Boss kuma negatif. Ka samu salatif na takarda ka rubuta sunan kowace na'ura a jikin adaftarta tun ranar da ka saye ta.

Abu na biyu, kada kayanka su taɓa shan wutar NEPA kai tsaye, haka ma ta janareta. Ɗauke wutar ba ya kashe kaya kamar dawowarta, lokacin da take shigowa da ƙarfi kafin ta daidaita. Ƙaramin janareta kuma wutarsa hawa da sauka take yi duk lokacin da aka kunna wani abu mai nauyi a gidan. Sitabilaiza na rage matsalar, musamman mai jinkirta wuta ɗan lokaci kafin ta saki, amma abin da nake ɗauka ƙa'ida shi ne inbata da batir, situdiyo ya riƙa sha daga nan, NEPA ko sola su zama na caji kawai. Kuma inbatar dole ta zama mai fitar da tsarkakakkiyar wuta, wadda masu shago ke kira fiyo sain. Mai araha ɗin tana kunna fanka da talabijin lafiya lau, amma sifika za ta riƙa zuzzz ba ƙaƙƙautawa, taransifomomi su yi ta zafi.

Lissafin ba wuya. Samfula da ƙaramar mikisa da sifika biyu da fiyano ɗaya, da wuya su wuce wat 200 gaba ɗaya. Batir mai bolt 12 da 200Ah yana riƙe wat 2,400 na awa guda a lissafi. In na ruwa ne, rabi ya kamata ka ci don ya yi ƙarko, wato 1,200. Ka cire abin da inbata ke ci da kanta, ka samu kamar awa biyar na aiki. Ya isa zama ɗaya. Sharaɗin dai kada a jona dutsen guga ko hita a layin, kuma wannan sai ka zauna ka yi wa mutanen gida bayani, ba sau ɗaya ba.

Abu na uku shi ne wanda ya fi cin lokacin mutane: gurnani. Ka haɗa komai, ka kunna sifika, ba ka buga komai ba amma kana jin wani hmmm mai kauri a ƙasa. Wannan sautin wutar ce kanta, mai juyi 50 a daƙiƙa, ta samu hanyar shiga wayoyin sauti. A gidaje da yawa ramin soket na uku, na sama, ba a haɗa shi da komai ba, ado ne. Kira mai aikin wuta ya duba, in babu ya kafa maka sandar tagulla a ƙasa ya ja waya zuwa soket ɗin ɗakin. In ka taɓa jikin mikisa kana tsaye ba takalmi ka ji tana tsikararka, kada ka jira gobe. Bayan haka, duk kayan situdiyo su fito daga soket ɗaya ta ekstenshan mai kyau guda. In sifika na bangon gabas, samfula na bangon yamma, ka buɗe wa gurnanin ƙofa da hannunka. Wasu za su ce ka karya ƙafar fulogi ta uku ƙarar ta tafi. Tana iya tafiya, amma ranar da waya ta goge a ciki jikinka ne zai zama hanyar wutar. In gurnanin ya ƙi, zare komai, ka bar sifika kaɗai, sannan ka riƙa mayar da kaya ɗaya bayan ɗaya har ka kama mai laifin. Sau da yawa cajar waya ce ta ɗari biyar, ko makunnin rage gudun fanka, ko wayar sauti da aka nannaɗe tare da ta wuta. Daga mikisa zuwa sifika yi amfani da kebul mai baki XLR ko jak mai zobe biyu, su ne ke kore irin wannan ƙara. Jak mai zobe ɗaya na jita ne.

Hadari kuwa, da ka ji iskar farkon damina ta taso ana walƙiya, zare fulogi daga bango. Kashe makunni bai isa ba. Da hunturu kuma ƙura ce abokiyar gaba: tana shiga ƙarƙashin maɓallai da makunnan mikisa har su fara ƙarƙar in an murɗa. Tela zai ɗinka maka murfi da ragowar yadi.

Haɗa sauti ba wani dogon abu ba ne. Samfula da fiyano su shiga mikisa, mikisa ta fita zuwa sifika. Mikisar ba kwalliya ba ce, domin MPC One ba ta da ramin makirufo, kuma makirufo irin na situdiyo mai kondensa yana buƙatar bolt 48 daga mikisa. Ɗauko waya daga ramin aux na mikisa, wato ƙarin mafitar da kake zaɓar sautin da zai bi ta, zuwa mashigar samfula, ta yadda duk abin da ka tura can za a iya ɗauka. Kada dai ka tura layin samfular kanta cikin aux ɗin, sauti zai zagayo kansa ya yi kururuwar da za ta iya fasa sifika. Wajen kunnawa sifika ce ta ƙarshe, wajen kashewa ita ce ta farko.

MIDI, wanda aka fito da shi a 1983, ba ya ɗaukar sauti ko kaɗan. Umarni kawai yake kaiwa: wane maɓalli aka danna, da wane ƙarfi, har yaushe. Shi ya sa sai ka ga yaro ya jona fiyano da MIDI yana mamakin rashin jin komai, alhali bai ja wayar sauti ba. Waya ɗaya tana ɗaukar tashoshi 16, don haka ba kowace na'ura tasharta. Samfula ce ke aika agogon, wato saurin bugun da kowa zai bi, sauran a sa su a kan karɓa, domin ba a sarki biyu a gari ɗaya. In fiyanonka na aika wa samfula tana kuma dawo masa, kashe Local Control a cikinsa, wato saitin da ke sa fiyano ya kaɗa sautinsa da kansa, in ba haka ba kowane sauti sau biyu zai fita. Ƙananan Yamaha PSR da suka cika situdiyoyinmu, da yawansu ba su da ramin MIDI mai haƙora biyar, sai USB. MPC na karɓar su ta ramin USB ɗinta. Masu ƙaramin jak na MIDI kuma iri biyu ne, A da B, kama ɗaya a ido amma ba sa jituwa.

Ɗaki: kai da sifika biyu ku yi kusurwa uku daidai, bakinsu a saitin kunnenka. Kafet a kan tayil, labule mai kauri, tsohuwar katifa a bangon baya. Kiret ɗin ƙwai ba ya hana maƙwabci ji, kyankyasai yake tarawa. Tebur kuma kada ka yi oda daga waje, kai awo kasuwar Panteka a haɗa maka.

Sai abin da za ka zuba a ciki. Kiɗan da ya zo da na'ura kowa na da shi har Amurka. Abin da kake da shi su ba su da shi shi ne mai kalangu a unguwarku. Ɗauko shi, ka biya shi, ku yi magana a kan yadda za a yi amfani da bugun tun kafin a kunna makirufo. Kada ka ɗauki kalangu bugu ɗaya-ɗaya kamar kik, wato bugun babbar ganga. Maganarsa a matse tsarkiya da sakinta take, don haka jimla guda za ka ɗauka, ka yanka a inda ya numfasa. Ka bar awon sauti yana kai wa kamar -12 zuwa -6, kada ya taɓa ja. Sannan duba Timing Correct, saitin MPC da ke daidaita lokacin kowane bugu: in yana kan 1/16 zai miƙar da bugun da asalinsa uku-uku yake tafiya, ya fito kamar faretin sojoji. Mayar da shi 1/8T ko 1/16T, ko ka kashe shi ka buga da hannunka.

Adana aiki duk bayan ƙaramin canji, a kan katin SD na gaske, don jabu sun yi yawa kuma sai sun cika suke nuna hali. In waƙa ta haɗu, fitar da ita WAV, 44.1kHz, kowane layi daban in wani ne zai yi maka mikisin, ka kwafa a filashi biyu, ɗaya ba a ɗakin zai kwana ba.