Kufan Wharram Percy: kurakuran da masu fara nazarinsa suka fi yi

Na gaji da karanta abu ɗaya. Duk shekara sai an kawo mini rubutu a kan kufan Wharram Percy, ƙauyen nan da ke cikin tuddan alli na Yorkshire a arewacin Ingila, kuma tun kafin in gama shafin farko na san ramin da mai rubutun zai faɗa. Wuri ne da aka shafe shekara 40 ana tono, daga 1950 zuwa 1990, ƙarƙashin jagorancin Maurice Beresford, masanin tarihi, da John Hurst, masanin tonon kayan tarihi. Cikin kufaifai wajen 3,000 da aka sani a Ingila, babu wanda ya samu irin wannan kulawa. Amma har gobe ɗalibai na maimaita maganganun da tonon da kansa ya riga ya rushe.

Uwar kurakuran ita ce cewa annoba ce ta cinye garin. Da mutum ya ji an ce ƙauyen Turai na ƙarni na 14 ya zama kufai, sai ya rarumo Baƙar Annoba ta 1348 zuwa 1349, ya ɗora mata komai, ya rufe littafi. Gaskiya ne annobar ta kashe tsakanin kashi ɗaya cikin uku zuwa rabin mutanen Ingila, kuma akwai 'yan ƙauyukan da ta share kakaf, irin Tilgarsley a Oxfordshire. Wharram Percy ba ya cikinsu. Tun kafin annobar garin ya fara jigata, bayan yunwar 1315 zuwa 1317 da hare-haren mutanen Sikotlan a arewa. Annobar ta zo ta rage mutane, waɗanda suka tsira suka ci gaba da noma, suna haihuwa, suna binne mamatansu a gefen cocin St Martin, har kusan shekara 150 bayan haka.

Na san zafin wannan kuskure, don ya taɓa cinye mini babi guda na kundin digiri. Na gina komai a kan annoba, malamin da ke duba aikin ya yi mini tambaya ɗaya: in garin ya mutu a 1349, su wane ne aka kora a wajen 1500? Dole na sake aikin daga tushe.

Korar kuwa a rubuce take. Bayan annoba ma'aikata sun yi ƙaranci, ladan ƙwadago ya hau, hatsi ya yi araha, ulu kuma yana kawo kuɗi. Masu ƙasa suka ga makiyayi ɗaya da garken tumaki ya fi musu riba a kan gari guda na manoma. Abin ya yi ƙamari har majalisar Ingila ta yi doka a 1489 ta hana rushe ƙauyuka, sannan a 1517 aka kafa kwamitin bincike a zamanin Kadinal Wolsey, babban wazirin sarkin Ingila. A bayanan wannan bincike ne aka samu labarin iyalai huɗu da aka fitar daga Wharram Percy, aka rushe gidajensu, lokacin filayen garin suna hannun iyalan Hilton. Mutane ne da hannunsu suka tashi garin, don kuɗin ulu. Wanda ya ɗora wa cuta laifin ya wanke su ke nan, kuma ya zalunci waɗanda aka kora. Ni yanzu al'adata, kafin in rubuta kalma ɗaya a kan kowane kufai, sai na ja layi a takarda, na jera kowace shekarar da wata shaida ta nuna akwai mai rai a garin: haraji, shari'ar gona, kabari, tsingaro. Sai layin ya ƙare nake fara tambayar dalili.

Kada ku haɗa Wharram Percy da Wharram le Street. Maƙwabta ne, amma na biyun har yau da mutane a ciki.

Kada kuma ku je da tsakar rana a tsakiyar bazara, ciyawa ta yi tsawo, ku dawo kuna cewa babu abin gani. Ku je da sassafe ko da la'asar sakaliya, lokacin da rana ta yi ƙasa. A nan ne inuwa ke fito da komai: tsohuwar hanyar da ƙafa da amalanke suka rarake ta zama kwari, 'yan tuddai masu kusurwa huɗu da ba su wuce gwiwa ba, kowane ɗaya gidan wani ne, da filin bayan gida ya miƙe a bayansa. Can ƙasa cikin kwarin ga cocin babu rufi, da hasumiyarsa wadda wani sashe nata ya zube a 1959, ga tafkin da a da yake juya dutsen niƙa.

Kuskure na biyu da ke tayar mini da hankali shi ne cewa manoman nan a bukkoki suke, waɗanda ke rushewa duk bayan tsara guda a sake ginawa. Wannan kam ɗalibai suna da uzuri kaɗan, don daga bakin masu tonon ya fito. Hurst ya yi abin a yaba: maimakon 'yan ramuka, ya buɗe fili mai faɗi gaba ɗaya yana bin ƙasa shimfiɗa bayan shimfiɗa, hanyar da aka koyo daga masu tono na Denmak. Da suka ga bangayen alli siriri, an yi musu faci nan da can, wani ya hau kan wani, sai suka ɗauka gidan ne duka ake rushewa. A 1989 Stuart Wrathmell, wani masanin tonon kayan tarihi, ya sake zama da zane-zanen tonon, ya nuna cewa bangon bai taɓa ɗaukar nauyin rufi ba. Manyan katakai ne tanƙwararru, biyu-biyu, ke tashi daga ƙasa su haɗe a sama, kamar yadda bakan gizo ke riƙe soro. Bangon alli kariya ce daga iska, kuma alli dutse ne da sanyi ke farfasawa, dole a riƙa gyaransa. Kwarangwal ɗin gidan yana tsaye, ana sabunta bango a ƙarƙashinsa. A wasu sassan Ingila irin waɗannan gidajen manoma na ƙarni na 14 da na 15 suna nan a tsaye har yau, an tabbatar da shekarunsu ta ƙirga zoben da ke jikin katakon.

To don Allah, in gyaran ya fito tun 1989, me ya sa har yanzu kuke kawo mini tsohon zance? Amsar na santa: kuna ɗaukar littafin farko da ya zo hannu, ba ku duba shekarar da aka buga shi. Akwai kuma raini a ciki. Mutum ya riga ya ƙudurta cewa talakan wancan zamani ba ya da komai, don haka ya ga makulli da 'yan mukullai da ƙarafan ƙofa cikin kayan da aka tono, bai tsaya ya tambayi kansa ba: wanda ba shi da abin ɓoyewa, me zai yi da makulli? Ya ji an ce ba a samu tarkace da yawa a daɓen ɗaki ba, ya ce talauci ne, alhali shara ce. An share wasu ɗakunan har daɓen ya lotsa. Kayan suna waje, a juji da tsakar gida. Ni kan karanta rahoton tono daga na ƙarshe in koma baya zuwa na farko, don in san abin da aka janye kafin in ci karo da shi. Wasu malamai sun fi son a bi jeri daga farko. Ni dai ban yarda ba.

Tsingaro guda ba ya ba da shekarar gida. Ku tambayi inda aka same shi, a ƙarƙashin bango ne ko a ƙasar da garma da ɓeraye suka jujjuya.

Kada ku ce garin a ƙarni na 12 ya fara. Sunansa yana cikin Domesday, ƙidayar filaye da dukiya da sarkin Ingila ya sa aka yi a 1086, kuma an samu alamun zama a wurin tun zamanin Rumawa da ma kafin su.

Na'urar gano ƙarfe kuwa ku bar ta a gida. Wurin yana hannun English Heritage, ƙungiyar da ke kula da wuraren tarihi a Ingila, kuma dokar 1979 ta haramta amfani da ita a irin waɗannan wurare ba da izini ba.

Sai ƙasusuwa. An tono kwarangwal 687 a maƙabartar cocin, kuma daga nazarinsu aka gano abubuwa masu daraja, misali cewa ana shayar da jarirai har wajen wata 18. Kuskuren shi ne a ce duk mutanen ƙauyen ne. Cocin St Martin na gunduma ne mai ƙauyuka biyar, har da Thixendale da Raisthorpe da Burdale da Towthorpe, kuma an ci gaba da kawo gawa nan ɗaruruwan shekaru bayan an tashi garin. Duk lissafin yawan jama'a da aka yi da wannan adadi kai tsaye ya ɓaci.

Akwai kuma ƙasusuwa 137 na aƙalla mutum goma da aka samu a wani rami nesa da maƙabarta, da alamun sara da ƙuna, waɗanda aka fitar da sakamakon nazarinsu a 2017. Jaridu sun yi ta kururuwa, ɗalibai suka kwashe suka rubuta cewa mutanen garin na cin naman mutane. Masu binciken sun duba wannan zato, suka ga saran ya fi yawa a wuya da kai, ba a wuraren da mai neman nama zai yanka ba. Abin da suka fi karkata gare shi shi ne an sassare gawarwakin ne don tsoron kada mamaci ya taso ya addabi masu rai. Su kansu a matsayin fassarar da ta fi dacewa da shaida suka kawo ta, ba su ce tabbas ba. In za ku rubuta, ku rubuta ta da wannan nauyin, ku faɗi adadin ƙasusuwan, ku faɗi inda saran yake.