Yadda maharban Amurka ke sassauta harsashin babbar bindiga don barewa da beyar

Don manyan namun daji kamfanin Holland & Holland na Landan ya fitar da harsashin .375 H&H a 1912. A dazukan jihohin Maine da Pennsylvania na Amurka kuwa, inda maharbi kan yi kiciɓis da barewa ko baƙar beyar a tazarar da sau tari ba ta kai yadi 100 ba, ƙarfinsa ya yi yawa. Ya ɓata nama, ya daki kafaɗa, har mutum ya saba runtse ido tun bai ja kunama ba. Shi ya sa masu irin wannan bindiga ke ɗura harsashi da hannunsu su rage masa gudu. Dokar can ta yarda. A Najeriya laifi ne in babu lasisi.

Da farko zaɓi ƙwayar harsashi. A nan da yawa ke yin kuskure. Ƙwaya mai nauyin giren 300 (giren ɗan ƙaramin ma'aunin nauyi ne na ƙwaya da albarushi) da aka ƙera don ɓauna tauri gare ta, in gudu ya ragu sai ta huda barewa ta fita ba ta buɗe ba, dabba ta ɓace a kurmi da rauni. Nemi mai taushi mai faffaɗan kai, giren 200 zuwa 220, irin wadda aka yi wa harsashin .375 Winchester, wanda bai kai .375 H&H ƙarfi ba. Wajen gudun ƙafa 2,200 a daƙiƙa take aikinta, alhali harsashin kamfani mai giren 270 yana kusan 2,700.

Sai albarushi, kuma nan ne rai yake. Kada ka kuskura ka ɗauki albarushin da ke ci a hankali ka rage shi da ka. Zai iya jinkirin tashi, ko ya tashi da ƙarfin da zai tsaga bindigar. Kamfanin albarushi na Hodgdon ya amince a rage albarushinsa mai suna H4895 har zuwa kashi 60 cikin 100 na mafi girman awo, amma a inda littafinsa ya lissafa wannan albarushi ga wannan harsashi kaɗai. Abin da ke littafi shi za ka bi, ba abin da wani ya faɗa a filin gwaji ba.

Auna kowane awo a sikeli. Bayan ka zuba, jera kwansayen harsashin ka haska tocila cikinsu ɗaya bayan ɗaya. Kwanson .375 zurfi gare shi, kuma da wasu albarusan masu saurin ci yana iya haɗiye awo biyu ba ka sani ba. Tsayin garin ya zama daidai a duka.

Ɗura biyar kawai ka tafi filin gwaji da na'urar auna gudu. In ka ji ƙarar harbi ta yi sanyi, tsaya, zare sakata ka leƙa bututu. Wataƙila ƙwaya ta maƙale.

Sake saiti, don harsashi mai sanyi ba ya sauka inda na kamfani ke sauka. Gwada a yadi 50, 100 da 150, ka tsayar da iyakarka. Sannan rubuta awon a jikin kwalin, kada su cakuɗe da masu cikakken ƙarfi. Ga beyar, ni na fi son ƙwaya mai ɗan nauyi, saboda kitse da gashi kan toshe rauni, sawun jini ya yi wuyar bi. Kuma baƙar beyar ake nufi. Gagarumar ta Alaska ba a rage mata komai.