Yadda ake sa waya ta saba maka da tafiyar ƙafa a Saudiyya

Da yawa daga cikin masu sauke manhajar ƙirga taku ba sa daɗewa da ita. Ranar farko mutum ya yanka wa kansa taku 10,000, ya yi kwana uku yana haki, a na huɗu gwiwa ta ce ba da ita ba. Wannan adadi ma daga tallar wata na'urar ƙirga taku ya samo asali a Japan a shekarun 1960, ba likita ne ya yanke shi ba.

Mai iƙama, wato takardar izinin zama a Saudiyya, ya yi amfani da manhajar Sehhaty ta Ma'aikatar Lafiya, tunda can yake kama layin ganin likita. In ba haka ba, Samsung Health ko Health ta iPhone sun wadatar, kuma kyauta ne. Agogon hannu mai ƙirga taku kuwa a bar riyal ɗinsa a aljihu tukuna.

Satin farko kada ka ƙara ko taku ɗaya. Yi harkarka yadda ka saba, ka tara lissafin kwana bakwai ka raba gida bakwai. In ya ba ka 3,200, sai ka sa 4,200 a manhajar. Taku 1,000 tafiyar kamar minti goma ce da ɗan sauri. Sai ka cika adadin kwana biyar a sati kafin ka sake ƙarawa.

Inda aka fi yin ɓarna shi ne ƙirgar kanta. Android tana neman izinin bibiyar motsin jiki, mutane kuma su danna "a'a" ba su karanta ba. Tsarin tattalin batir shi ma yana kashe manhajar da zarar allo ya mutu, don haka shiga saitin batir ka cire ta daga waɗanda ake takurawa. Sannan dole wayar ta kasance a jikinka. Hajiya ta wuni tana kai da kawowa tsakanin kicin da falo, waya na can jone da caji, da dare ta ga 600 ta karaya. Abayar da ba ta da aljihu, a nemo 'yar jaka mai ratayawa. Direbobi kuma nasu akasin haka ne, jijjigar mota kan ƙara musu takun da ba su yi ba. Gwada da kanka: yi taku 100 kana ƙirgawa da baki. In bambancin ya wuce 10, canza wa wayar aljihu.

Tunatarwa ɗaya tak za ka sa, bayan Asuba ko bayan Isha'i. Zafin Makka kan haura digiri 40, tafiyar azahar neman jinya ce. Ranar Umra kada ta shiga lissafi, don sa'ayi kaɗai ya ɗara kilomita 3, zai rufe maka lalacin sauran kwanakin.

Buɗe zauren WhatsApp na mutum biyar, kada ya wuce haka. Kowa ya turo hoton allonsa kafin barci, ban da tura bidiyo da sanarwar biki.

Mai ciwon suga da ke allurar insulin ya auna kafin ya fita, ya sa dabino uku a aljihu. In ya ga sugan ya yi ƙasa da 70 mg/dL, ya ci, ya zauna, ya sake aunawa bayan minti 15. Ciwon ƙirji ko jiri a hanya, a tsaya nan take. Shawarar likita a kira 937, motar ɗaukar marasa lafiya 997.